Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi: a bar yaran nan su riƙe zarto da hannunsu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni malami ne mai koyar da zane da ƙere-ƙere, darasin nan da yaro zai zana abu a takarda sannan ya shiga wokshop ya auna, ya yanka, ya haɗa da kansa. Cikin ɗalibaina akwai masu buƙata ta musamman kuma akwai mataimakiya da aka haɗa ni da ita, to akan aikinmu ni da ita nake so ka ɗan ba ni aron kunne.

Akwai wata yarinya da hannunta na dama ba shi da ƙarfi, muna yin ƙaramin akwatin fensir. Mataimakiyar nan baiwar Allah tsoro take kar yarinyar ta yanke, sai ta ce kawo in fara miki, daga farawa ta yanka duka, ta goge, ta sa gam, kafin a buga ƙararrawa akwati ya fito tsaf ya fi na kowa kyau. Na ce kai madalla, yarinyar ko kallon akwatin ba ta yi ba, ta ce malam ai ba ni na yi ba. Wallahi sai da na ji kunya.

Kuma fa ban ga laifin mataimakiyar ba sam. Tare da yara take shigowa aji, a bakin ƙofa take jin abun da za a yi ranar, babu wanda ya taɓa koya mata yadda ake tsayawa kusa da yaro a bar shi ya yi kuskurensa, to me za ta yi in ba ta karɓe aikin ba? A Ingila an yi wani babban bincike ƙarƙashin Farfesa Peter Blatchford, sakamakon ya fito a 2009, suka gano yaran da mataimaka suka fi zama da su su ne suka fi jinkirin ci gaba, saboda an sakar wa mataimaki yaron, malamin da ya san darasin kuma yana can wajen sauran. Da na karanta sai na ga kamar ajina suka leƙa.

Sati na gaba muka zauna ni da mataimakiyar minti 20 kacal, lokacin hutunmu ne ma muka sadaukar. Muka kafe guntayen katako biyu a tebur da ƴar tsaga a tsakiya, zarto ya bi ta ciki, katakon ba ya motsi, hannu ɗaya ya isa. Muka yi alkawari mataimakiyar ba za ta sa hannu ba sai in an ga haɗari. Yankan ya fito a karkace, murfin ma da ƙyar yake rufuwa, amma ranar yarinyar a hannu ta riƙe akwatin har ƙofar fita ta ƙi sa shi a jaka.

Ranka ya daɗe, tun 1994 gwamnatoci 92 suka amince a Salamanca ta ƙasar Sifen cewa yaran nan su yi karatu tare da kowa, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ƙara nanatawa a sashe na 24. Takarda dai ta cika. Amma a wokshop abun da ake nema ƙanana ne, rula mai tudun da makaho zai shafa, tebur da keken guragu zai shige ƙarƙashinsa, abun toshe kunne ga yaron da ƙarar inji ke firgitawa, fitila mai walƙiya da za ta nuna wa kurma cewa an kunna inji tunda ihun "a matsa" ba zai kai gare shi ba.

Roƙona dan Allah a sa lokacin zaman malami da mataimaki cikin jadawali a kuma biya su wannan lokacin, a horar da mataimaka kan kayan aikin kansu, su riƙe zarto su ji yadda yake. Sannan masu duba aiki su daina ba da maki kan kyan akwati kawai, dan muddin kyau ake dubawa babba zai ci gaba da yi wa yaro. Zangon gaba za mu fara aiki da injin huda katako, kuma har yanzu daga hutunmu muke satar minti 20 ɗin nan.

Naka mai biyayya,
wani malamin zane da ƙere-ƙere