Zuwa Ga Ɗana, A Kan Sunan Inna

Argungu, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya muke, sai kewa wadda ta ƙi raguwa, domin har yau mahaifiyarka takan zuba kunun safe a ƙaramin kwanon nan mai murfi kafin ta tuna babu mai shan sa. 'Yan ta'aziyya ba su yanke ba. Shekaranjiya ma wasu mata sun zo daga Gulma da Augie, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma kowace ta zo da labarin abin da marigayiya kakarka Inna ta yi mata.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari magana ta kai ƙarshe, sai ka ce "to Baba, in sha Allahu", ka ajiye. Wannan kuwa ina so ka karanta ta har ƙasa, sa'annan ka sake karantawa idan ranka ya huce.

Ƙanwarka ta nuna mini abin da ka sa a Facebook ranar Juma'a. Na ga ƙyallen da aka buga da hoton Inna, an rubuta gidauniya da sunanta, na ga buhunan shinkafa a jere, na gan ka tsaye cikin babbar riga. Duk wannan bai hana ni barci ba kamar hoto na huɗu, inda matar marigayi maƙwabcinmu na bayan masallaci take durƙushe ta miƙa hannu biyu, tana ƙoƙarin jan mayafi ta rufe fuskarta, kai kuma kana riƙe da bakin leda ba ka sake ba sai da mai ɗaukar hoto ya gama. Tun ranar da mijinta ya rasu Inna ce take ciyar da gidan nan, kuma ni da ta haifa, nake kwana gida ɗaya da ita, ban sani ba sai ranar da matar ta zo gaisuwa ta faɗa da bakinta tana kuka. Asirin da kakarka ta rufe shekara da shekaru, kai ka buɗe shi a yini ɗaya, kuma da sunanta.

Ka san ta a matsayin tsohuwa mai kiran ka maigidanta, mai ɓoye maka ƙosai a gefen zane, amma ba ka san ta da ƙarfinta ba, don haka bari in gaya maka. Takan ce ana goye da ita a shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi masa su, watau 1934, shekarar da bikin kamun kifi ya samo asali, ka ga ke nan ta haura shekara 90 a duniya. Malam ya rasu ya bar ta da mu ƙanana, da sana'ar gumi ta raine mu, tana turara shinkafa tun kafin kiran assalatu, ta shanya, ta surfa, ta auna a mudu. A farin 1973, lokacin da mutane suka riƙa kwararowa daga arewa da sauran dabbobinsu da suka rame, ni ne yaron da yake ɗaukar ƙwaryar kunu zuwa bakin kasuwa, kuma ba ta taɓa aike na da rana ba. Sai bayan isha'i take ɗora mini, ta ce in ajiye kusa da masu jarirai in juyo, kada in tsaya a yi mini godiya, kada kuma in faɗi gidan da na fito. A lokacin na ɗauka tsoro take yi kada a san muna da abinci. Sai da na girma na gane kunyar mai karɓa take ji masa.

Rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya, ita ta yanke musu cibiya, ita ta tsaya a kan wankan jegon uwayensu da kunun kanwa, kuma idan ta ga haihuwa ta zo da gardama ba ta jayayya, sai ta sa a nemo mota a tafi asibiti, ko da maigidan yana ƙunƙuni. Shekarar sanƙarau, 1996, ta fi kwana a asibiti wajen jinyar 'ya'yan wasu fiye da ɗakinta. Da jita-jita ta cika Arewa a 2003 kan ɗigon rigakafin foliyo, ta ɗauki ƙanwarka ta sa aka ɗiga mata a ƙofar gida kowa yana gani, sa'annan ta bi ma'aikatan lungu lungu, ba a biya ta ko kwabo ba.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne maganar adaka. Da ta je aikin hajji ta dawo da likkafaninta, wanda ta jiƙa da ruwan Zamzam ta shanya a can, ta naɗe shi da ƙullin kafur da garin magarya ta sa a ƙasan adakarta, ta kira ni ta nuna mini, ta ce ga kayan tafiyarta kada in wahala. Ba a yi wata shida ba wata baƙuwa ta rasu a unguwa ba ta da kowa. Inna ta je ta yi mata wanka kamar yadda ta saba yi wa matan unguwa, ta dawo ta buɗe adaka. Na saya mata wani, ta sake bayarwa. Na daina ƙirgawa. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, kana hanya ba ka iso ba, na buɗe adakar nan da hannuna ina da tabbacin akwai, domin bayan sallar layya na sa mata sabo, sai na tarar da kafur kaɗai da carbinta. Kawunka ne ya ruga kasuwa ya yanko yadi. Har yau ban san wadda aka sa a wancan likkafanin ba, kuma duk wanda ya sani bai faɗa ba.

To wannan matar ce ka buga hotonta a ƙyalle, ita da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai na fasfo, shi ma sai da aka lallashe ta. Kuma labari ya iso mini, daga bakin da ba na zargi da ƙarya, cewa wasu abokanka suna cewa gidauniyar share fage ce, wai kana hangen takara. Ban yanke maka hukunci ba, amma wallahi idan haka ne ka ci amanar wadda ba ta da bakin kare kanta. Abin da nake tsoro ke nan, ya fi mini komai nauyi, a wayi gari a garin nan ana ambaton sunan Inna a majalisar 'yan siyasa, ana cewa jikanta ya raba buhu kaza, matan da suke yi mata addu'a a ɓoye su koma suna sunkuyar da kai idan sun wuce ƙofar gidanmu. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Ka yi karatun addini daidai gwargwado, ka san ayar Suratul Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma wace cutarwa ce ta wuce a yaɗa fuskar uwar marayu tana durƙushe, 'ya'yanta maza suna gani a wayar abokansu?

Na san za ka ce ni ma ban bi sawunta ba, kuma ba zan musa ba. A ambaliyar 2020, da ruwa ya shanye mana fadama, na ɗaga mata murya saboda ta kwashe irin shinkafar da na ajiye ta raba wa waɗanda gidajensu suka rushe, kana nan ka ji. Ina da iyali a wuyana da kuɗin makarantarku, fansho kuma ba ya zuwa a kan kari, kuma da ban tsuke hannu ba da ba ka kai inda kake ba. Na kuma san ni na tura ka makarantar kwana tun kana ƙarami, shi ya sa ba ka ɗauki ƙwaryar dare ba kamar yadda na ɗauka. Na yi haka ne don alherinka, har gobe ban ga laifina a nan ba, sai dai na yarda akwai abin da ka rasa ta dalilina. Amma ko a ranar da na yi mata faɗa, na duƙa na roƙi gafara kafin magariba, kuma ban taɓa cin riba da sunanta ba.

Ban ce zuciyarka ba ta da kyau ba, ɗana. Na ga yadda ka tsaya a bakin kabari bayan kowa ya watse, na kuma san kuɗin shinkafar nan daga aljihunka ya fito, alhali kai ma kana da hidima. Ita ma ta san ka, domin a kwanakinta na ƙarshe, da ta daina gane mutane da yawa, kullum sai ta tambaya ko maigidanta ya ci abinci.

Ka cire hotunan nan yau, kada ka jira gobe. Ƙyallen kuma ka naɗe ka kawo mini. Idan ka zo kwana arba'in, ni zan raka ka gidan matar nan bayan isha'i, ka gaishe ta daga zaure ka ba ta haƙuri, ba tare da aboki ko mai waya ba. Mahaifiyarka ta san gidaje huɗu daga cikin waɗanda Inna take aika wa, sauran muna bincikawa a hankali, kuma tun rasuwar babu abin da ya shiga musu. Idan kana da hali ka turo abin da ya sawwaƙa ta hannunta kafin ƙarshen wata, akwai yara da suka kai ɗaukar ƙwarya.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan takwarar Inna, ka ce kakanta yana jiran ta. Mabuɗin adaka yana wurina, carbin kuma na ajiye maka. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna makoma, kai kuma Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.