Inshorar lafiya ba ta biyan kuɗin gidan mari

Malam Edita,

A ba mu fili mu ja hankalin iyaye a Gombe kan yaran da shaye-shaye ko rikicewar ɗabi'a suka fi ƙarfin gida. Inshora tana biyan magani ne a asibitin da ta tantance, bisa cutar da likita ya gano ya rubuta. Gidan mari ko sansanin horo a daji ba ya cikin wannan sahu. Ko a Amurka kamfanonin inshora sun sha ƙin biyan irin waɗannan sansanoni. Mun kuma ga yadda aka fito da mutane a ɗaure da sarƙa daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a 2019.

A fara kai yaron asibitin da aka yi rajistar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ko GoHealth (ta jihar Gombe). Likita ya rubuta takardar turawa zuwa sashen taɓin hankali, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A tsarin NHIA sai an karɓo lambar amincewa daga HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar, kafin a kwantar da shi. Nan ake yawan yin tuntuɓe: hankali a tashe, iyaye su wuce kai tsaye, su biya daga aljihu, daga baya neman a mayar musu ya zama wahala.

A duba shekarun yaron ma, domin rajistar iyali ta NHIA 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 take ɗauka. A nemi sanin iyakar kwanakin kwanciya a rubuce.

Muna roƙon GoHealth ta fayyace wa jama'a abin da take biya a maganin shaye-shaye.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Gombe