Ƙibar Doki Ba Lafiya Ba Ce: Kira Ga Masu Dawaki Kan Ciwon Kofato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masu dawaki na Jihar Kaduna, waɗanda ke ƙawata hawan Sallah a Zariya da waɗanda ke buga holo a Dandalin Murtala da Kangimi, har da mai doki guda ɗaya da ke ɗaure a turke a bayan gidansa. Maganar kuwa ta shafi ciwon kofato wanda likitocin dabbobi ke kira laminaitis, ciwon da yakan gurgunta doki a hankali har ya kai shi ga halaka, alhali a mafi yawan lokaci daga abincin da muke ba shi da hannunmu yake farawa.

Mun taso mun tarar ana auna darajar mai doki da jikin dokinsa. Idan wuyan ingarma ya yi kauri, gadon bayansa ya cika, cinyoyinsa suka yi sheƙi, sai a ce maigidan ya iya kiwo. Saboda wannan yabo ne ake ɗaure doki a turke wata da watanni ana tura masa dawa da gero da masara da dusa safe da yamma, wani ma har ya ƙara masa rake ko maɗi, ba a kwance shi sai hawa ya ƙarato. Kakanninmu ma sun ba dawakinsu hatsi, amma dawakinsu na tafiya ne da fatauci da yaƙi, suna ƙone abin da suka ci a kan hanya. Mu kuwa mun riƙe yawan hatsin, mun bar aikin ga mota da babur, kuma jikin doki bai san da wannan canji ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda kofato yake a ciki. Akwai ƙashi a cikinsa, kuma wannan ƙashi ba a kan tafin kofato yake zaune ba, a rataye yake da bangon kofaton ta hanyar wasu ɗaruruwan siraran shafuka na nama da suka saƙu da juna. Nauyin doki gaba ɗaya a kan wannan saƙa yake, kuma ƙafafun gaba ne ke ɗaukar kaso mafi yawa, shi ya sa ciwon ya fi kama su. Idan saƙar ta yi rauni ta fara miƙewa, sai ƙashin ya karkata ko ya nitse ƙasa, a wasu lokuta har ya huda tafin ya fito. Duk wanda farcensa ya taɓa rabuwa da nama ya san zafin abin, to sai ya ƙaddara cewa a kan wannan farce ne aka tilasta masa tsayuwa dare da rana, yana ɗauke da nauyin kilo 350 ko fiye. Ƙashin da ya riga ya karkata ba ya komawa yadda yake cikin sauƙi, don haka duk wani amfani yana cikin abin da aka yi kafin a kai nan.

Shekaru da yawa ana ɗaukar wannan ciwo a matsayin matsalar ƙafa kawai, amma binciken da aka yi daga baya ya sauya fahimtar likitoci. A shekarar 2007 masu bincike a Jami'ar Queensland da ke Ostireliya sun ɗura wa ƙananan dawaki masu lafiya sinadarin insulin mai yawa a jini, ba tare da sukarin jininsu ya hau ba, kuma cikin kwanaki uku dukkansu suka kamu da ciwon kofato. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga wani asibitin dawaki a ƙasar Finland ya nuna cewa kusan tara cikin goma na dawakin da aka kawo da wannan ciwo suna da matsalar hormon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini don tsara aikinsa, irin su insulin. Ma'ana ita ce, abin da ake gani a kofato sakamako ne, tushen yana cikin jini. Insulin shi ne sinadarin da jiki ke fitarwa domin ya kwashe sukari daga jini bayan an ci abinci. Dokin da ya yi ƙiba, ko wanda aka haifa da wannan ɗabi'a, jikinsa yakan daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sai ya riƙa fitar da shi da yawa duk lokacin da ya ci hatsi ko abu mai zaƙi, kuma wannan yawan insulin ɗin ne ke lalata saƙar kofato. Abin ya yi kusa da mafarin ciwon sukari na manya a jikin ɗan Adam, sai dai shi doki da wuya ya kai ga ciwon sukari sosai, ƙafarsa ce ke fara biyan bashin.

Alamun irin wannan doki a bayyane suke, sai dai mun saba kallonsu a matsayin kyau. Kitse yakan taru a saman wuya ƙarƙashin geza har ya yi tauri, wani lokaci ya kwanta gefe guda. Yakan taru a gindin wutsiya da bayan kafaɗa, kuma ramin da ke saman ido ya cike. Tun a 1983 wani masani mai suna Don Henneke a Amurka ya tsara ma'aunin jikin doki daga 1 zuwa 9, inda 1 ke nufin ramammen da ya kusa mutuwa, 9 kuma mai matsananciyar ƙiba, kuma 5 ita ce daidai. A mataki na 5 ba a ganin haƙarƙarin doki da ido, amma idan aka shafa hannu za a ji su ba tare da an danna ba. Ina roƙon kowane mai doki ya je ya shafa haƙarƙarin dokinsa yau, domin na tabbata da yawa daga dawakin da ake tafa wa ranar hawa sun kai 7 ko 8.

Akwai kuma cuta ta biyu da ta shafi tsofaffin dawaki, wadda ake kira cutar Kushin ta dawaki. Tana tasowa ne daga wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda idan doki ya manyanta yakan kumbura ya riƙa fitar da sinadarai fiye da ƙima, daga cikinsu akwai wanda ake kira ACTH. Binciken da aka yi a Ostireliya ya gano ta a jikin kusan doki ɗaya cikin biyar na waɗanda suka haura shekara 15. Irin wannan doki gashinsa yakan yi tsawo ya murɗe ya ƙi zuba ko da bazara ta yi, naman gadon bayansa ya zube cikinsa ya saki, ya riƙa yawan shan ruwa da fitsari da gumi, miki ya daɗe bai warke ba, kuma kuzarinsa ya ragu. Abin da ke damuna shi ne, idan aka ga tsohon doki ya fara ramewa haka, abu na farko da ake yi shi ne a ƙara masa hatsi don ya murmure, alhali da yawansu suna da matsalar insulin tare da wannan cuta, sai ƙarin hatsin ya jawo abin da ake gudu. Ana gano cutar ta gwajin jini, kuma tana da magani mai suna pergolide da ake bayarwa kullum har ƙarshen rayuwar dokin. Ba ya warkar da ita, amma yana danne ta sosai, dokin ya samu ƙarin shekaru cikin jin daɗi. Dokin da ya ɗauki maigidansa shekara goma sha yana hawa ya cancanci a yi masa wannan.

Ciwon kofato ba ya faɗowa rana ɗaya, yana barin shaida tun kafin doki ya fara ɗingishi. Za a ga zobba a jikin kofato waɗanda suka matse a gaba suka buɗe ta wajen dunduniya, kuma farin layin da ke tsakanin bango da tafi ya faɗaɗa, abin da mai gyaran kofato ne zai fara gani idan an koya masa ya duba. Dokin yakan riƙa tafiya a takure a kan ƙasa mai tauri, ya ƙi juyawa da sauri, ya riƙa sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Idan abin ya tsananta sai kofato ya yi zafi, jijiyar da ke bayan gaɓar saman kofato ta riƙa bugawa da ƙarfi, dokin ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina da baya don ya sauke nauyi daga kansu, ko ya kwanta ya ƙi tashi.

Gyaran yana farawa ne daga abinci, kuma a nan ne na san za a fi yi mini gardama. Asalin abincin doki ciyawa ce, cikinsa ƙarami ne da aka tsara don ya riƙa ci kaɗan-kaɗan kusan duk yini. Dokin da ba ya aiki mai nauyi ba ya bukatar hatsi, busasshiyar ciyawa mai kyau da ɗan harawa da gishiri da sinadaran ƙarin lafiya da likita ya tsara sun ishe shi. Idan ana son mai ƙiba ya rage jiki, abin da likitoci ke ba da shawara shi ne busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kimanin kilo 5 ga doki mai kilo 350, a raba ta sau da yawa, kuma a auna ta da sikeli, ba da ido ko da runguma ba. Jiƙa ciyawar a ruwa na tsawon minti 30 zuwa awa ɗaya yana rage sukarin da ke cikinta, sai a zubar da ruwan, kuma a zafin ƙasarmu kada a bar ta ta daɗe har ta yi tsami. Amma kada a ce za a hana shi abinci gaba ɗaya don ya rame da wuri, domin yunwa tana sa kitse ya kwararo cikin jini ya lalata hanta, musamman ga kuru da jaki, kuma wannan ma kisa yake yi. A farkon damina, lokacin da sabuwar ciyawa ta tsiro, a riƙa sakin mai ƙiba kiwo a hankali, ko da yake a ganina buhun hatsi ya fi ɗanyar ciyawa haɗari a wajenmu.

Dokin holo da ke gudu sosai yana iya bukatar hatsi, amma a raba shi kaɗan-kaɗan, kuma a rage shi da zarar an gama gasa dokin ya koma hutu. Sitacin masara da na dawa yana da wuyar narkewa a ƙaramin hanji, kuma idan ya yi yawa sai ya wuce babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, guba ta shiga jini, ta jawo ciwon kofato. Saboda haka dokin da ya kwance da dare ya afka wa buhun hatsi yana bukatar likita a wannan safiyar, ko da ana ganinsa lafiya ƙalau, haka ma goɗiyar da ta haihu mabiyiya ba ta faɗo ba bayan awa uku, domin wannan ma yana jawo ciwon.

Kilisa ita ce rabin maganin, kuma ba a sayen ta. Motsa jiki na yau da kullum yana sa jikin doki ya dawo yana amsa kiran insulin, ko da bai riga ya rame ba. Fitar da doki kusan kullum, a yi tafiya a yi sassarfa har ya ɗan yi gumi, ya fi a bar shi wata shida a turke sannan a ɗora masa sirdi da kayan ado masu nauyi a yi sukuwa a kan kwalta. Sai dai wannan shawara ta dokin da ƙafarsa ke lafiya ce. Wanda ciwon ya riga ya kama, tilasta masa tafiya yana ƙara yaga saƙar kofaton. Abin da ake yi masa shi ne a tsayar da shi a kan yashi mai zurfi da laushi, a ɗauke hatsi baki ɗaya, a sanya ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara idan akwai hali, a kira likita, kuma a ɗauki hoton ƙashin domin mai gyaran kofato ya san yadda zai datse shi.

Dole in yi magana kan allurai da ake saye a kasuwa ba tare da likita ba. Maganin rage kumburi mai suna dexamethasone da danginsa suna ɗaga insulin, don haka yi wa doki mai ƙiba irin wannan allura don ya ƙara jiki ko don wani ɗan kumburi ganganci ne babba. Maganin kashe zafi irin su phenylbutazone yana da amfani a hannun likita, amma ba shi doki don a ɓoye ɗingishi a samu a hau shi ranar Sallah zalunci ne, domin zafin ne kawai ke hana dokin taka ƙafar da ke rabewa a ciki, kuma yawan maganin yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Kuɗi ma ba sa ceton doki idan ciwon ya yi nisa. Secretariat, ɗaya daga cikin dawakin tsere mafi shahara a tarihin Amurka, wannan ciwo ne ya yi ajalinsa a 1989 yana da shekara 19, duk da irin likitocin da ke kewaye da shi.

Jiharmu tana da abin da wasu jihohi ba su da shi, domin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Ina roƙon malamanta su sauƙaƙa wa masu dawaki hanyar gwajin insulin da na ACTH, su kuma shirya bita da Hausa ga yaran barga da masu gyaran kofato, tunda su ne ke zuba abinci kuma su ne ke ɗaga ƙafar doki, ba maigida ba. Ina kuma roƙon Masarautar Zazzau da ƙungiyoyin holo su sa likita ya riƙa duba ƙafafu da jikin dawaki makonni kafin hawa ko gasa, ba ranar ba, yadda wanda aka samu da alamar ciwon zai samu hutu da magani tun ƙashin bai motsa ba.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki,
Tudun Wada, Kaduna.