Amsa ga ɗiyar sojan da ta tambaye ni abin da matan Darfur suka samu

Assalamu alaikum.

'Yata, a shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya kin bugo waya kin ce marigayi mahaifinki yana cikin sojojin Najeriya da aka tura kiyaye zaman lafiya a Darfur, sannan kika tambaye ni, tunda na yi aikin ungozoma a can, ko zamansu ya tsinana wa matan yankin wani abu. Lokaci ya ƙure kafin in amsa miki yadda ya kamata, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Kalma, kusa da Niyala, daga 2005 har zuwa Maris 2009, lokacin da gwamnatin Sudan ta kori ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje 13 bayan Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shugaban ƙasar na lokacin, Umar al-Bashir. Abin da ya fi jefa mata cikin haɗari a wancan lokacin shi ne itacen girki. Ana raba dawa da mai da gishiri, amma ba a raba abin da za a dafa su da shi, kuma itatuwan da ke kewaye da sansanin duk an sare su, sai an yi tafiyar sa'o'i cikin daji inda 'yan Janjawid, mayaƙan sa-kai masu mara wa gwamnati baya, suke sintiri. Matan da kansu suka yi mini lissafin: namiji in ya fita kashe shi za a yi, mace kuwa fyaɗe za a yi mata a sako ta, saboda haka mace ce ke fita. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoto a 2005 cewa cikin 'yan watanni ta yi wa mata kusan 500 da aka yi wa fyaɗe magani, kuma abin da ya biyo bayan rahoton shi ne kama shugabanta na Sudan.

A nan ne sojoji irin mahaifinki suka yi abin da ba zan taɓa raina shi ba. Ranar da motocin dakarun Tarayyar Afirka suka yi wa mata rakiya zuwa daji, sai ki ga sun fito ayari guda da jakuna da gatura, har da tsofaffi, su dawo da yamma kowace da dammin itace a ka, mu kuma a ɗakin shan magani mu wuni ba a shigo mana da yarinya da yagaggen mayafi ba. Matsalar ita ce rakiyar ba kullum ba ce. Wata rana a ce babu mai, wata rana a ce babu izini, wani lokacin a ɗauki makonni, alhali tukunya ba ta san da wannan uzurin ba. Su ma sojojin ba a kan gadon barci suke ba, domin a Satumba 2007 an far wa sansaninsu na Haskanita, kuma mafi yawan waɗanda aka kashe 'yan Najeriya ne.

Akwai kuma abin da bindiga ba ta iya gyarawa. Matar da aka yi wa fyaɗe tana buƙatar maganin kariya daga ƙanjamau cikin sa'o'i 72, amma a da sai ta je wurin 'yan sanda ta karɓo takardar da ake kira Fom na 8 kafin likita ya taɓa ta, kuma in ta kasa kawo shaida, dokar laifuka ta Sudan ta 1991 a lokacin tana iya mayar da ƙararta ta zama tuhumar zina a kanta. An sassauta sharaɗin takardar daga baya, amma tsoro bai bar zukata ba, sai mace ta ɓoye har cikin ya fito. Haka nan naƙuda in ta zo da gardama cikin dare, hanyar Niyala a rufe take sai gari ya waye. Na ga wadda aka ɗora a amalanken jaki da asuba bayan kwana biyu tana naƙuda. Ta rayu, jaririn bai rayu ba, ta kuma koma gida da yoyon fitsari.

Laifin da nake gani bai rataya a wuyan ƙananan sojoji ba, yana kan manya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan da suka nuna cewa a ƙarshen Oktoba 2014 sojojin Sudan sun yi wa mata da 'yan mata aƙalla 221 fyaɗe a garin Tabit na Darfur, amma UNAMID, rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, wadda ta shiga garin da jami'an tsaron gwamnati a bayanta, ta fitar da sanarwa cewa ba ta ga shaida ba. Wace mace ce za ta buɗe baki a gaban wanda take zargi? A wasu ƙasashen ma masu tsaron ne suka zama kura a garken awaki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sallami dakarun Gabon kimanin 450 daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2021 kan zargin lalata, kuma iyakar ikonta ke nan, domin hukunci yana hannun ƙasar da ta aiko sojan.

Wa'adin UNAMID ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2020. Yaƙi ya sake ɓarkewa a Afrilu 2023, babu ko wannan rakiyar mai yankewa, kuma bayan faɗuwar birnin Al-Fashir na Darfur a Oktoba 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe fiye da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke garin. Saboda haka amsata gare ki ita ce e, ya tsinana, a ranakun da motarsu ta fito.

Ki gaida mahaifiyarki. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kyauta namu zuwan.

Wassalam,
Ungozoma mai ritaya, Kano