Baba, na ga aikin maƙeran Luristan

Assalamu alaikum Baba, da fatan kana lafiya, ya maƙera ya zafin wuta, ya su Inna da yara. Ni lafiya lau alhamdulillah, karatu na tafiya, sanyi ne kawai ya matsa.

Baba abin da ya sa na zauna rubutun nan, ranar Alhamis muka je gidan tarihi na ƙasa a nan Tehran, wallahi tun da na shiga wani ɓangare kai kaɗai ke raina. Kayan tagulla ne jere cikin gilashi, wuƙaƙe da takubba da kan mashi da gatura har da linzamin doki, duk an tono su daga kaburbura a Luristan, can yammacin Iran cikin duwatsun Zagros. Mutanen makiyaya ne masu hawa dutse da sauka da dabbobinsu, in namiji ya mutu sai a binne shi da makamansa. Yawancin kayan sun doshi shekara 3000, wasu ma sun haura 4000.

Akwai wani gatari da na kasa barin gabansa. Ruwan gatarin daga bakin zaki yake fitowa, bayansa kuma tsinaye ne jere kamar yatsu, duk ya yi tsanwa saboda daɗewa a ƙasa amma ramin ƙotar nan daidai yake kamar jiya aka gama, ga bakin a lanƙwashe sosai har masana na ganin irinsa ba don sara aka yi ba, na girma ne. Kuma ba ƙirar masaba ba ce fa, zubi ne, a siffanta abu da kakin zuma a lulluɓe da yumɓu a gasa kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, irin kuzar Jos ɗin nan.

Abin da ya ɓata min rai shi ne tun wajen 1928 aka dinga farfasa kaburburan ana sayar da kayan a Turai da Amurka, da yawa yanzu ba a ma san kabarin da suka fito ba. Mutum danginsa sun kwantar da shi da wuƙarsa, wani ya zo ya ɗauke don kuɗi, abin ya tsaya min a zuciya.

Na tura hotuna wayar Yaya, a nuna maka. Don Allah ka duba gataren nan ka faɗa min ta ina kake ganin suka zuba ƙarfen. A gaida Inna, a sa ni a addu'a.

Ɗanka.