Wasiƙa ga ɗana da ya kama aiki a kamfanin hada-hadar kuɗi

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, mun ji daɗin kama aikinka a Legas, Allah ya sa albarka. Tunda sashen tura kuɗi aka ajiye ka, ga abin da nake so ka riƙe.

Kada ka ajiye kuɗi a manhaja da lamba mai ɗigo. Ka ba kwamfuta 0.1 da 0.2 ta tara, 0.30000000000000004 za ta ba ka. Komai ka riƙe shi a kwabo: naira 1,500 ita ce 150000. Kuma ba kowane kuɗi ake rabawa ɗari ba, dinarin Kuwait kashi 1000 ne, don haka kowane adadi ya tafi da sunan kuɗinsa.

Inda sababbin shiga suka fi faɗuwa kuwa shi ne wajen shiru. Manhajarka ta aika tiransifa ta hanyar NIBSS, wato kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, ta jira har lokacin da aka ɗiba ya ƙare, amsa ba ta zo ba. Mai gaggawa sai ya rubuta "bai tafi ba", ya mayar wa mutum kuɗinsa. To sau da yawa kuɗin ya shiga, har mai karɓa ya ga alat, amsar ce kawai ta ɓata a hanya, ka ga kamfani ya biya sau biyu ke nan. Ka bar shi a "ana jira", ka tambayi ɗaya bankin matsayinsa da lambar shaidar tiransifar, sannan ka yanke hukunci. Ka tuna da mai POS a bakin kasuwa, netwok ya tsaya, layi ya taru a kansa: sau uku zai danna maɓallin nan. Saboda shi ake ba kowace buƙata lambarta ta musamman, a sa rumbun bayanai ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Haka idan cirewa biyu suka zo wa asusu ɗaya a daƙiƙa guda, ka kulle asusun kafin ka duba ragowar kuɗin, in ba haka ba mai naira 10,000 zai ciri 20,000.

Littafin lissafi ba a goge shi. In an yi kuskure, sabon layi ake rubutawa ya warware tsohon.

Lambar kati ko BVN kada su faɗa cikin bayanan da manhaja ke rubutawa don binciken matsala. Lambobi 4 na ƙarshe sun isa. Asusun ɗan'uwa ko aboki ma ban da leƙawa, ko da shi ya roƙe ka, ana rubuta duk wanda ya buɗe.

Sai sakin sabon gyaran manhaja. A watan Agustan 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannun jari, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda a cikin kwamfutoci 8 an bar ɗaya da tsohon kod, wato tsohon rubutun manhajar. Kada ka saki gyara ƙarshen wata da ake biyan albashi, ko jajibirin Sallah. Ka fara da mutum 1 cikin 100, ka zuba ido, hanyar komawa tsohon kuma ka gwada ta tun kafin ka saki. In abu ya lalace a hannunka, nan take ka faɗa wa na gaba da kai.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce satin da kake tsaron dare ka riƙa cin abinci da wuri.

Mahaifinka