Amsa ga mai tambaya: Turawan Ingila ba a dandalinmu suka koyi dambe ba

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka jefo mini tambaya a bainar jama'a, ka ce shin gaskiya ne damben zamani da ake yi da safar hannu, Turawan Ingila ne suka gani wurin mahautanmu lokacin mulkin mallaka suka kwaikwaya. Tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa: a'a. Sojojin Lugga sun ci Kano da Sakkwato a 1903, alhali tun 1681 wata jarida a Landan ta ba da labarin damben da aka gwabza a gaban wani basarake, Duke na Albemarle, tsakanin baransa da wani mahauci. Mahaucin ne ya yi nasara. Kowa da nasa damben, sai dai can ma 'yan fawa sun yi suna a ciki, wataƙila shi ya sa zancen ya yi maka daɗin ji.

Wanda Ingila ke kira zakaranta na farko shi ne James Figg, ɗan garin Thame, tun daga 1719. A filinsa na Landan ana karawa da takobi, da sanda, da hannu tsura. Ba ruwansu da nauyin mutum, ba iyakar turmi, kokawa ma halas ce. Ana yi har sai ɗaya ya kasa tashi.

Jack Broughton, wanda sana'arsa ta asali fito ce a kogin Thames, shi ya fara rubuta doka a 1743. Labarin da ya shahara shi ne mutuwar George Stevenson bayan karawarsu ce ta dame shi. Dokokin bakwai ne. Ba a dukan wanda ya faɗi, wanda ya durƙusa a kan gwiwa ya faɗi ke nan, ba a kama mutum ƙasa da ƙugu, kuma wanda aka kayar yana da daƙiƙa 30 ya dawo tsakiyar fili ko a ce an kashe shi, wato an yi nasara a kansa. Amma karanta sauran ka gani: yadda za a zaɓi alƙalai biyu daga cikin manyan da ke wurin don raba gardama, da yadda za a raba kuɗin ƙofa, kashi biyu cikin uku ga wanda ya ci. A ganina nan ne asalin maganar. Caca ce ta raini damben Ingila. Masu sarauta da attajirai na zuba dukiya a kan ɗan dambe, dole a san takamaimai wa ya ci, in ba haka ba a kaure da rigima. Ko safar hannun da Broughton ya kawo, ta atisaye ce, don kada a fasa wa 'ya'yan manya da ke koyo a wurinsa hanci. Ranar gasa hannu tsura ake yi.

Shi kansa cacar ce ta ci shi. A 1750 wani mahauci, Jack Slack, ya naushe shi tsakanin idanu, fuska ta kumbura ya daina gani, cikin minti 14 aka gama. Ubangidansa Duke na Cumberland, ɗan Sarki George na biyu, an ce fam 10,000 ya yi asara. Daga ranar ya juya masa baya.

Bayansa Daniel Mendoza, Bayahude ɗan gabashin Landan mai ƙaramin jiki, ya nuna cewa kaucewa da kare duka sun fi tsayawa ƙiƙam ana musayar naushi. A 1795 John Jackson ya damƙi dogon gashinsa da hannu ɗaya yana jibgarsa da ɗayan, kuma doka ba ta hana ba.

Idan baƙar fata kake nema a wannan tarihi, akwai su, amma daga Amurka suka zo. Tom Molineaux, wanda Bill Richmond ya horar, ya kara da zakaran Ingila Tom Cribb a Disambar 1810. Da Cribb ya fara shan wuya, 'yan kallo suka kutsa cikin fili. Cribb aka ba nasara, har yau ana gardama ko zaluntar Molineaux aka yi.

Bayan zamanin Broughton hukuma ba ta yarda da sana'ar ba, a gonaki da bayan gari ake ɓuya a yi. A 1860 Tom Sayers da Ba'amurke John Heenan suka yi turmi 42 a Farnborough, fiye da awa biyu, 'yan sanda suka iso aka tashi babu kisa. Shekara bakwai bayan nan, 1867, aka buga dokokin da John Graham Chambers ya rubuta, waɗanda ke ɗauke da sunan basarake Queensberry: safar hannu dole, turmi minti 3, hutu minti 1, wanda ya faɗi a ƙirga masa 10. Wanda kake kallo a talabijin ke nan, kuma shekara 36 ya riga Lugga shiga Kano.

Ka gaida gida.

Naka,
mai bibiyar tarihin wasanni